Farashi biyu a jikin ƙwandala ɗaya

A watan Yunin 2021, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a birnin New York, an sayar da ƙwandalar zinare guda ɗaya tak a kan dala miliyan 18.9. Abin da aka rubuta a jikinta dala 20 ne. Zinaren da ke cikinta bai ma cika oza ɗaya ba, giram 30 ne da 'yan kai, kuma da a ce an narkar da ita a ranar, da kuɗinsa bai kai dala 2,000 ba. Ke nan wanda ya saye ta ya biya kuɗin zinarenta ninki wajen dubu goma. To me ya saya da sauran kuɗin?

Labarinta ya saya. A 1933 gidan buga kuɗi na Philadelphia ya buga irin wannan ƙwandala, wadda ake kira Double Eagle, har guda 445,500. Ba a kai ga sakin su ga jama'a ba sai Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarnin da ya tilasta wa Amurkawa miƙa zinaren da ke hannunsu ga gwamnati. Daga baya aka narkar da su, in ban da biyu da aka kai gidan tarihi da wasu 'yan ƙalilan da suka sulale ta bayan gida. Ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar a 1944, har da takardar izinin fitar da ita daga Amurka. Bayan an hamɓarar da shi aka daina jin ɗuriyarta, sai a 1996 wata da ake kyautata zaton ita ce ta ɓulla. Aka yi ta shari'a, a ƙarshe aka sasanta, ta zama ita kaɗai ce cikin 'yan'uwanta da dokar Amurka ta yarda wani mutum ya mallaka. A 2002 an saye ta dala miliyan 7.59, bayan shekara goma sha tara ta haura ninki biyu.

Wannan misali ne na can ƙololuwa, amma abin da ya nuna yana nan a jikin kowace ƙwandalar zinare ko ta azurfa, komai ƙanƙantarta. Kowace tana ɗauke da farashi biyu. Akwai na ƙarfen, wanda sikeli ke faɗa, kuma maƙerin zinare a kowace ƙasa zai yarda da shi ko bai san tarihin komai ba. Akwai kuma na ƙarancinta da lafiyar jikinta da labarinta, wanda ba ya zaune ko'ina sai a zukatan sauran masu tarawa. A ganina yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka daga cakuɗa biyun nan take fitowa. Wani ya biya kuɗin labari yana zaton ƙarfe ya saya, wani kuma ya sayar da labari a farashin ƙarfe.

Farashin ƙarfe shi ne mai sauƙin ganewa. Ana auna zinare da azurfa da wata oza ta musamman da ake kira troy, mai giram 31.1, wadda ta fi ozar sauran kaya mai giram 28.35 nauyi. Farashin zinare da duniya ke dubawa shi ne wanda ake tsayarwa a Landan sau biyu a kowace ranar kasuwa, al'adar da ta faro tun 1919, da kuma na manyan kasuwannin da ke motsi kusan dare da rana. Kowa na iya ganinsa a wayarsa. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san nawa ne zinare zalla a cikin abin da ke hannunsa. Krugerrand, wadda Afirka ta Kudu ta fara bugawa a 1967, nauyinta giram 33.93 ne, karat 22, an gauraya ta da jan ƙarfe don ta yi tauri, shi ya sa take ɗan ja-ja. Maple Leaf ta Kanada, wadda ta fito a 1979, zinare ce kusan zalla, nauyinta giram 31.1, tana da laushi har ƙaramin gogayya na iya yi mata tabo. Sabon shiga yakan ɗauka ta Kanada ta fi zinare tunda ta fi tsabta, alhali oza ɗaya ce cif a cikin kowace. Sovereign ta Ingila, wadda aka fara bugawa a siffarta ta yanzu a 1817, nauyinta giram 7.98, zinaren cikinta giram 7.32. Duk wanda ya iya wannan ɗan lissafi ya san ƙasan farashin ƙwandalarsa, wato inda ba za ta gangara ƙasa da shi ba.

Sai dai ba mai sayar maka da ita a wannan farashi. Gidan buga kuɗi zai ɗora kuɗin aikinsa, babban dillali ya ɗora nasa, ƙaramin dillali ma haka. Ranar da ka komo da ita kuwa, ƙasa da farashin kasuwa kaɗan za a taya, ko daidai da shi in ka yi sa'a. A ce ka saya da ƙarin kashi 5 cikin ɗari, aka saya daga gare ka da ragin kashi 2. To sai zinare ya tashi da kusan kashi 7 kafin uwar kuɗinka ta dawo, balle a yi zancen riba. Ƙarin yana daɗa nauyi idan ƙwandalar ƙarama ce, domin wahalar buga mai kashi ɗaya cikin goma na oza kusan ɗaya ce da ta buga mai oza guda. A azurfa abin ya fi tsanani: ƙarfen ba shi da tsada, don haka kuɗin bugu da na dako suna cin babban kaso, ga shi a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai an ɗauke wa zinaren ajiya harajin sayen kaya amma ba a ɗauke wa azurfa ba. A Birtaniya kashi 20 ne, kuma mai saye ba ya samun sa idan ya zo sayarwa.

Ana yawan cewa zinare ba ya faɗuwa. Tarihi bai yarda da wannan magana ba. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, daga nan ta yi ta gangara har ta sauka wajen dala 250 a 1999, kuma ba ta sake ganin 850 ba sai a Janairun 2008. Shekara ashirin da takwas ke nan, ba a ma sa hauhawar farashin kaya a lissafi ba. A 2011 ta kai wajen dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo kusan 1,050. Azurfa ta fi haka hauka. Lokacin da 'yan gidan Hunt, wasu attajiran Texas, suka yi yunƙurin kame kasuwarta, ta kusa dala 50 a farkon 1980, sai ta rikito cikin makonni, kuma sai a 2011 ta sake leƙa wannan mataki. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce zinare ba ya zama takardar banza kamar yadda kuɗin wasu gwamnatoci suka zama. Amma tsakanin wannan da cewa ba ya faɗuwa akwai tazarar da ta isa ta cinye rabin rayuwar mutum yana jira.

Farashi na biyu ya fi daɗin zance, ya kuma fi santsi. Abu na farko da ya kamata a cire daga rai shi ne cewa tsufa ke kawo tsada. Akwai sulallan azurfa na daular Rum masu shekara dubu ɗaya da ɗari takwas da ake saye da kuɗi kaɗan, saboda an buga su miliyoyi kuma har yau ana tono su cikin tukwane. Shekarar da aka rubuta ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Ƙwandalar azurfa mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Austiriya, wadda ta yi yawo a ƙasashen Larabawa da Habasha da sassan Afirka da dama, tana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Amma da yake 'yan kasuwa ba sa karɓar wata sai mai wannan shekara, an ci gaba da buga ta da 1780 a Vienna da Landan da Paris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, har zuwa wannan zamani. Mafi yawansu ba su wuce kuɗin azurfarsu ba, giram 23.4 a kowace. A ɗaya gefen kuma, dalar Amurka mai ɗauke da 1804 ba a buga ta a 1804 ba. An ƙera ta ne a 1834 don a kai tsaraba ga Sarkin Maskat da Sarkin Siyam, daga baya aka ƙara wasu kaɗan. Goma sha shida kawai aka sani a duniya, kuma wadda aka ba Sarkin Maskat ta yi dala miliyan 7.68 a 2021.

Yawan da aka buga ma ba shi ne ma'auni ba, yawan da ya tsira shi ne. A 1918 wata doka ta sa Amurka ta narkar da dalolin azurfa fiye da miliyan 270, ba tare da an rubuta na wace shekara ko na wane gidan bugu aka zuba a wuta ba. Shi ya sa aka yi shekaru ana ɗauka dalar azurfa da ake kira Morgan, wadda aka buga a New Orleans a 1903, ta kusa ƙarewa, har sabuwarta ta kai wajen dala 1,500. A ƙarshen 1962 sai baitulmalin Amurka ya buɗe wasu rumbuna ya tarar da buhunanta jibge, ya kuma sake su ga jama'a a kan dala ɗaya kowace. Farashin ya faɗo wajen dala 15. Waɗanda suka saya da tsada ba wanda ya cuce su, ba kuma jabu suka saya ba. Ƙarancin da suka biya kuɗinsa ne ya gushe dare ɗaya. Irin haka ta sake faruwa da aka gano jirgin ruwan SS Central America a 1988, wanda ya nutse a 1857 ɗauke da zinaren California: dubban Double Eagle na wannan shekara suka fito daga ƙarƙashin teku kamar jiya aka buga su. Wannan shi ne bambancin da nake so a riƙe. Ba wanda zai wayi gari ya tarar zinaren ƙwandalarsa ya ragu da giram ɗaya, amma ƙarancinta yana hannun duk wani buhu da ba a buɗe ba tukuna.

Sai lafiyar jiki, inda kuɗi suka fi yin tsalle. A 1949 William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70, inda 1 ke nufin ƙwandalar da ta side har da ƙyar ake gane ta, 70 kuma wadda ba a ganin aibi a jikinta ko da gilashin ƙara girma. Daga 60 zuwa sama na waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba ne. A nan maki ɗaya, tsakanin 64 da 65 misali, yana iya ninka farashi sau biyu ko sau biyar, alhali idon da bai goge ba ba zai ga bambanci ba. Da yake mai sayarwa kullum 65 yake gani, mai saye kuma 63, sai aka kafa kamfanonin tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987. Ana aika musu da ƙwandala, su duba ko ta gaske ce, su ba ta maki, su rufe ta cikin ɗan akwatin roba mai lamba. Wannan ya yi amfani ƙwarai, domin ya rage cinikin biri a sama, ya sa mutum na iya saye daga wata nahiya da ɗan kwanciyar hankali.

Amma ya zo da nasa ciwon. Da aka ga sulalla sun samu lamba, sai wasu suka ɗauka sun zama kamar hannun jari. Kuɗin masu zuba jari na Wall Street suka kwararo, farashi ya kai ƙololuwa a 1989, sannan ya rikito, kuma sulallan gama-gari masu babban maki da yawa sun shafe shekaru da dama ba su komo farashin wancan lokaci ba. Dalili a fili yake: ana ta ƙara aika sababbi ana tantancewa, adadin masu maki 65 yana ƙaruwa kowace shekara. Makin ma ra'ayin ɗan Adam ne. Akwai masu sana'ar fasa akwatin su sake aikawa ko za a dace da ƙarin maki ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda akwatin ya sa mutane da dama suka daina kallon ƙwandalar kanta, lambar kawai suke karantawa. Masu 64 guda biyu na iya zama ɗaya tana ɗaukar ido, ɗaya kuwa ta dushe, kuma ranar sayarwa gogaggen mai saye zai nuna maka ya san bambancin.

Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka, amma ban da ƙwandala. Lokacin da hatimin bugu ya danne ƙarfe, ƙarfen yakan malala ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke ba sabuwar ƙwandala ƙyallin nan mai juyawa idan aka karkata ta a haske. Goga ɗaya da tsumma ko da maganin wanke azurfa ya isa ya share su har abada. Abin da zai rage shi ne wani ƙyalli mai kama da na cokali, wanda masani ke ganewa daga nesa, kuma kamfanonin tantancewa ba sa ba irin wannan cikakken maki. Duhun da azurfa ke yi da tsufa ba datti ba ne a wurin masu tarawa, wani lokaci ma ƙarin kuɗi ne idan launin ya yi kyau. Ana riƙe ƙwandala ta gefe, ba a ajiye ta cikin roba mai laushi irin ta PVC, domin tana fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe.

Tsakanin farashin nan biyu akwai wani fili da na fi jin tsoro, domin a nan ake yanka sababbin shiga ba tare da an karya doka a fili ba. Nan ne kasuwar sulallan tunawa da ake tallatawa da cewa an buga adadi kaɗan, cikin akwati mai kyau da takardar shaida. Ƙarancin da aka shirya da gangan ba ɗaya yake da ƙarancin da tarihi ya haifar ba. Idan an buga dubu biyar kuma duka dubu biyar ɗin suna nan lafiya lau cikin akwatunansu, alhali masu nema ba su kai dubu ba, to ba ƙaranci a nan. Yawancin irin waɗannan, idan aka kai su wurin dillali, sikeli zai ɗauko. Wasu ma ruwan zinare ne kawai aka shafa wa tagulla. A Amurka akwai masu kiran tsofaffi a waya suna tsorata su da abin da ya faru a 1933, suna cewa gwamnati na iya sake ƙwace zinare amma ba za ta taɓa na tarihi ba. Gaskiya ne umarnin Roosevelt ya ware sulallan da masu tarawa suka san darajarsu. Sai dai da wannan guntuwar gaskiya ake sayar wa mutum ƙwandalar gama-gari a ninkin kuɗinta. Tambaya ɗaya ce ke warware irin wannan ciniki: idan na dawo maka da ita gobe, nawa za ka saya?

Jabu kuwa iri biyu ne, daidai da farashin biyu. Mai satar ƙarfe yana fama da wata matsala: zinare yana da nauyi ƙwarai, giram 19.3 a kowane ɗan dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri na santimita ɗaya, dalma kuwa 11.3 ce kacal. Idan ya daidaita nauyi, ƙwandalar za ta yi kauri ko faɗi fiye da ƙima, idan ya daidaita girma za ta yi sakayau. Saboda haka sikeli mai kyau da ma'aunin kauri suna kama mafi yawan jabu, maganaɗisu kuma ya kama masu baƙin ƙarfe, tunda zinare da azurfa ba sa manne masa. Wanda ya gagari waɗannan shi ne wani ƙarfe da ake kira tangistin, mai nauyin 19.25, kusan daidai da zinare. Idan aka lulluɓe shi da zinare, har na'urar hasken da masu sayen zinare ke haskawa na iya ruɗuwa, domin fatar sama kawai take karantawa. Ana gane shi ta ƙarar da ƙwandalar ke yi idan aka ƙwanƙwasa ta a hankali, ko da na'urar da ke aika sauti ya ratsa cikinta.

Mai satar labari ya fi wayo, domin shi da zinare na gaske yake aiki. A shekarun 1950 da 1960 an buga Sovereign na jabu masu yawa a Italiya da Gabas ta Tsakiya da zinare mai kyau, ribar tana cikin ƙarin da ake biya a kan ƙwandalar. Wani kuma ƙwandala ta gaske zai samu ya yi mata tiyata. Ƙaramar ƙwandalar azurfa ta santi 10 da aka buga a Denver a 1916 guda 264,000 ce kawai, ta Philadelphia ta wannan shekara kuwa ta haura miliyan 22. Bambancinsu ɗan harafin D ne a baya. Sai a yanko D daga wata a liƙa wa ta Philadelphia. Sikeli ba zai ce komai ba, maganaɗisu ma haka. Ilimi ne kaɗai ke kama wannan, sanin siffar harafin da inda ya kamata ya zauna.

Akwai kuma tambayar daga ina ta fito, wadda masu tara na dā suka daɗe suna kau da kai daga gare ta. A Oktoban 2020 an sayar da ƙwandalar zinaren da Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Julius Caesar, ya buga don tunawa da kisan, mai hoton wuƙaƙe biyu, a Landan a kan fam miliyan 3.24. Daga baya ta bayyana cewa takardun asalinta na ƙarya ne, hukumomin New York suka karɓe ta, a 2023 aka mayar da ita Girka. Ƙwandalar ta gaske ce, zinaren na gaske ne, amma mallakar ba ta tsaya ba. Ni a nan ina bayan masu binciken tarihi. Tukunyar sulalla da aka tono a ɓoye aka watsa a kasuwa ta rasa rabin abin da za ta faɗa: ina aka binne ta, tare da me, a wane zamani. A kwatanta da taskar Hoxne da aka gano a Ingila a 1992. Wanda ya gano ta ya sanar da hukuma, masana suka haƙo ta a tsanake, sulallan Rum kusan 15,000 suka tafi gidan tarihi na Birtaniya a haɗe, aka kuma biya lada fam miliyan 1.75.

Duk da waɗannan ramuka, ban ga abin sha'awa da ya kai wannan koyar da mutum ba. Wanda ya jera sulallan Rum daga zamanin Sarki Augustus, lokacin da suke kusan azurfa zalla, zuwa shekarun 260 Miladiyya da azurfar cikinsu ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba, yana ganin daula tana talaucewa a tafin hannunsa. Haka Birtaniya ta rage azurfar kuɗinta zuwa rabi a 1920 bayan yaƙin duniya na farko, ta cire ta gaba ɗaya a 1947 bayan na biyu, Amurka ta bi sahu a 1965. Ƙananan tsage-tsagen da ke gefen ƙwandala ma tarihi ne: an ƙirƙiro su ne don a gane idan wani ya kankare gefen ya saci ƙarfe. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin wajen giram 4.25, ya kawar da hotunan sarakuna ya bar rubutu zalla, ya kuma zama abin koyi na ɗaruruwan shekaru. Ɗaya daga cikin dinaran Umayyawa na shekara ta 105, wanda rubutunsa ya ambaci mahaƙar Amirul Muminina da ke Hijaz, ya yi fam miliyan 3.72 a Landan a 2011, amma akwai dirhaman Abbasiyawa masu sunan gari da shekara raɗau da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallaka. Shi ya sa na fi ganin hikimar wanda ya zaɓi ɗan fage ƙunƙuntacce, daula ɗaya ko gidan bugu ɗaya, ya karanta shi har ya fi dillalin sani. Irin wannan mutum ne kaɗai ke da hujjar biyan farashi na biyu. Wanda ajiyar dukiya kawai yake so, ya tsaya ga sanannun sulallan oza masu ƙaramin ƙari, ba abin kunya a ciki.

Musulmi mai wannan sha'awa yana da ƙarin abin lura. Zinare da azurfa suna cikin kayan da shari'a ta ce idan za a musanya jinsi da jinsinsa, sai nauyi ya zo daidai kuma a yi hannu da hannu. Ke nan ba da tsohon dinari ɗaya a karɓi sulallan zinare biyu da suka fi shi nauyi, abin da masu tarawa ke yi kullum, yana da matsala, kuma mafita ita ce a sayar da kuɗi sannan a saya. Sayen bashi da jinkirta karɓa ma suna buƙatar a tambayi malami. Zakka kuma tana hawa idan abin ya kai nisabi, wanda malamai da yawa na wannan zamani ke lissafawa giram 85 na zinare ko giram 595 na azurfa, kashi 2.5 cikin ɗari bayan shekara ta zagayo.

Sayarwa ita ce jarrabawar da ba a shirya mata. Ƙwandalar oza ana sayar da ita cikin minti goma a kusan kowane babban birni. Ta tarihi kuwa sai an nemo mai son ta. Dillali zai taya ƙasa sosai domin shi ma zai ajiye ta yana jira. Gidan gwanjo na iya kawo farashi mai kyau, amma yakan ɗauki watanni, yana cire la'ada daga mai sayarwa, yana kuma ɗora wa mai saye wajen kashi 20, abin da mai saye ke cirewa daga tayinsa tun farko. Haraji ya danganta da ƙasa: a Birtaniya ba a biyan harajin riba a kan sulallan Sovereign da Britannia saboda kuɗin ƙasa ne a doka, a Amurka kuwa harajin ribar irin waɗannan kaya na iya kai kashi 28. Ga kuɗin ajiya da inshora, ga ɓarayi, waɗanda su farashin farko kawai suka sani. Ƙatuwar Maple Leaf mai kilo 100 da aka sace daga gidan tarihi na Bode a Berlin a Maris ɗin 2017 ba a sake ganin ta ba, ana kyautata zaton an daddatsa ta an narkar.

Ba ɓarayi kaɗai ke narkarwa ba. A 1980, da azurfa ta yi tashin gwauron zabi, mutane sun yi dogayen layuka suna sayar da abin da iyayensu suka tara, matatun ƙarfe suka cika har suka kasa cinye aikin, kuma tsofaffin sulalla masu yawa sun tafi wuta ba wanda ya duba shekararsu. Yawancin tarin da aka yi shekara arba'in ana haɗawa, ba mai shi ne ke sayar da shi ba, magadansa ne, a cikin makonnin da hankalinsu ba ya kwance. Farashi na biyu yana cikin kan mai tarawa, kuma idan bai sauke shi a takarda ba, tare za su tafi. Don haka littafin da ake rubuta kowace ƙwandala a ciki yana cikin tarin kansa: ranar da aka saye ta, a wurin wa, nawa, nauyinta, abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta, rasit ɗinta a maƙale, da sunan gidan gwanjo ko dillalai biyu da za a iya nema. A shafin farko kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a wanke ko ɗaya, kada kuma a sayar wa mai tayin farko. Waccan 'yar santi 10 ta Denver azurfar cikinta giram 2.25 ce, amma ko ta side tana yin ɗaruruwan daloli, kuma magajin da ba a nuna masa inda harafin yake ba zai zuba ta a sikeli tare da sauran.